Shirwa Tana Nan, Ina Ungulu?

Mutanen ƙasarmu, in aka yi la'akari da al'adarsu, ba su cika ɗaga kai su dubi sama da niyya ba sai a lokaci biyu: ranar ashirin da tara ga wata, sa'ad da ake cigiyar jinjirin watan azumi ko na salla, da kuma ƙarshen bazara, sa'ad da manomi ya gama sharar gona ya zuba wa gabas ido yana jiran hadari. In ban da waɗannan lokuta, duk baligin da aka tarar tsaye a tsakar gida, ya riƙe ƙugu, ya kafa wa sarari ido don kawai wani tsuntsu yana shawagi, to, mafi sauƙin abin da za a ce da shi shi ne ba shi da aikin yi, in ma ba a soma yi wa iyalinsa jaje a asirce ba. Ni kuwa ra'ayina, wanda nake roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har in gama shimfiɗa shi, shi ne wannan kallo da muke rainawa wani reshe ne na ilimi, kuma sakacin da muka yi da shi ya jawo mana hasarar da ba mu ankara da ita ba sai bayan ta auku, domin an wayi gari wata halitta da kakanninmu suka zauna tare da ita tun zamanin da ake ɗiban ruwa a Kusugu ranar Juma'a kaɗai ta yi ƙaranci a sararin Daura, har ta kai yaro yana iya sauke Alƙur'ani bai taɓa ganinta da idonsa ba.

Bari dai mu fara da wadda take nan, wato shirwa, tunda ita ba sai an je nemanta ba, ita ce ke zuwa har gida ba sallama. Wanda ya zauna a tsakar gidansa da hantsi, lokacin da rana ta fara gasa ƙasa iska mai ɗumi ta soma tashi, zai gan ta ta ɓullo ta bayan soro, launinta ƙasa-ƙasa, fukafukanta a shimfiɗe ba ta cika kaɗa su ba, wutsiyarta mai rabuwa biyu a ƙarshe tana murɗawa dama da hagu, da ita take juya akalar tafiyarta duk inda ta nufa. Kafin mai gida ya gama tantance ta, uwar kaji ta riga shi: za ta karkata kai ta dubi sama da ido ɗaya, ta saki wata irin ƙara mai ja wadda ba ta yin irinta don kare ko don mage, kuma a cikin ƙiftawar ido 'yan tsaki sun watse, wasu ƙarƙashin rumbu, wasu bayan turmi, sun lafe kamar ba rai a jikinsu. Sai uwargida ta fito da muciya a hannu tana ihu, yara suna taya ta, shirwa kuwa ta ɗan ƙara sama kaɗan ta koma kan gidan maƙwabta, ba fushi ba gaggawa. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa, kuma saboda wannan tsoro ne wasu mata ke rina 'yan tsakinsu da galura ja ko shuɗiya don su ɓad da kama, wasu su kife su da kwando har su yi ƙwari.

Amma wanda ya daure ya ci gaba da kallo bayan an gama ihu, zai fahimci abubuwan da mai muciya ba ta da lokacin lura da su. Zai ga ɗan tsako kaɗan ne daga cikin abincin shirwa, galibin abin da take ci shi ne tarkacen mahauta, da mushen ɓera, da ƙadangaren da mota ta take, da fara, da shingen da ke tashi bayan ruwan farko, wanda take cafkewa da ƙafa ta kai baki tana cikin tafiya. Zai ga kuma yawanta ba ɗaya ba ne a kowane wata: takan ƙaru idan damina ta gabato, domin tana bin ruwa daga kudu zuwa arewa, ta sake ƙaruwa da kaka sa'ad da take komawa. Idan ma idonsa ya goge, zai rarrabe tamu ta gida mai rawayan baki da baƙuwarta mai baƙin baki, wadda ke tsallako teku da hamada daga ƙasashen Turai ta yi rani a yankinmu, ta juya kafin zafi ya tsananta.

Shaho kuwa halinsa dabam ne, kuma masu kiwon tantabara sun fi kowa saninsa, ko da yake sanin ƙiyayya ne. Fukafukansa masu tsini ne, ba ya ɓata lokaci yana jewa a kan gida. Daga can ƙololuwa yake naɗe jiki ya sulalo, kafin a ji fatar iskarsa ya buge tantabara a sarari, gashi ya tashi, ya wuce da ita. A da a kan dogayen itatuwa da duwatsu ake ganinsa, yanzu kuwa dogayen ƙarafan kamfanonin waya sun zama masa wurin hutawa da leƙen gari. Akwai ƙaninsa mai tokar baya da jan ido, wanda ke maƙalewa cikin duhun dogon yaro yana dakon ƙadangare, da wani mai jan wuya wanda ba ya nisa da giginya, da wani fari-fari mai baƙin kafaɗa da ake gani a bakin gonaki bayan girbi, yana tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike wuri ɗaya har sai ɓera ya motsa. Wanda ya fita bayan gari da rani, ya nufi fadama ko bakin madatsar ruwa irin ta Sabke ko ta Daberam, yana iya cin karo da wasu sirara masu dogon fiffike suna tafiya ƙasa-ƙasa dab da ciyawa suna tsintar fara, su ma baƙi ne daga Turai. Duk inda kuma wuta ta kama daji, a dubi gefen hayaƙin, za a ga taron masu farce suna jiran abin da wuta ta koro. Gaggafa ce dai, mai guntuwar wutsiya da jar fuska, mai tafiya tana rangaji, wadda tsofaffi suka sani sarai har suna yi wa jarumai kirari da ita, ta zama sai an yi tattaki zuwa gandun daji irin na Yankari kafin a sa ran ganinta.

Kada wani ya zaci wannan sha'awa baƙuwa ce da Turawa suka zo da ita tare da tabarau mai jawo nesa. A cikin Suratul Mulki da Suratun Nahli akwai ayoyin da suka ja hankalin bayi zuwa ga tsuntsaye a sararin sama, suka sanya tsayuwarsu a iska cikin alamomin ƙudurar Ubangiji, a cikin Suratul An'ami kuma aka bayyana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda mu ma al'umma ce. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun masu farauta suka kamo, fuƙaha'u kuma suka shigar da shaho cikin wannan hukunci, suka yi bayanin sharuɗɗansa dalla-dalla. Jahizu na Basra ya wallafa Kitabul Hayawan tun fiye da shekara dubu da ta wuce, Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya bi bayansa da Hayatul Hayawan, inda ya jera halittu bisa haruffa, ya kawo siffar kowace da ɗabi'arta da hukuncinta. Waɗannan malamai ba su ga wani ƙasƙanci ba a cikin tsayawa su lura da yadda shaho ke farauta, kuma ban ga dalilin da zai sa ɗalibin da ke taƙama da littattafansu ya ga ƙasƙanci a cikinsa ba.

Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba don ya ƙi dacewa da hujjata, shirwa tana cikin halittu biyar da hadisi ingantacce ya ba da izinin kashewa ko a cikin Harami, tare da hankaka da kunama da ɓera da kare mai cizo, malamai kuma suka ce dalilin hukuncin shi ne cutarwa. Wannan izini ne na kare kai da dukiya, kuma ba wanda zai zargi matar da ta jefi shirwar da ta addabi kajinta. Sai dai a cikin Sahihul Buhari akwai labarin da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito na wata baiwa baƙar fata da wasu Larabawa suka 'yanta ta ci gaba da zama da su. Wata yarinyarsu ta ajiye ɗamararta ta jar fata, shirwa ta zaci nama ne ta sure, aka tuhumi baiwar nan da sata, aka yi mata binciken wulaƙanci, ana cikin haka sai ga shirwar ta dawo ta yar da ɗamarar a tsakiyarsu. Matar ta bar su ta tafi Madina ta musulunta, aka ba ta wurin zama a masallaci, ta riƙa ba da wannan labari duk lokacin da ta zauna hira. Wanda ya san halin shirwa da jan abu zai ga babu wani abu a labarin nan da ba zai iya faruwa a Daura ranar Babbar Salla ba, lokacin da take cika sararin gari tana fizgar tsoka daga farantin yaron da aka aika rabon naman layya. Abin lura a nan shi ne, ungulu ba ta cikin biyar ɗin nan, ba ta ɗaukar ɗan tsako, ba ta taɓa mai rai, amma ita ce aka ƙarar, shirwa kuwa tana nan.

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ya san yadda kwata take a lokacin. Tun kafin a kayar da sa na farko ungulaye sun jeru a kan katanga da rufin rumfuna, sun dunƙule kafaɗa, wuyansu a sanɗe, fuskarsu tsirara ba gashi, fari-fari idan suna zaune lafiya, amma da zarar an farke ciki an zubar da tumbi sai ka ga fuskar ta yi jawur saboda zumuɗi. Su sauko da tsalle-tsallensu na rashin kunya, su kutsa har tsakanin ƙafafun mahauta, a kore su da ƙafa su matsa taku biyu su dawo. Kafin azahar babu jini, babu hanji, babu abin da zai yi wari. Jaki ya mutu a bayan gari, ba a kwana biyu sai ƙashi. Makiyayin da saniyarsa ta ɓace yakan dubi inda suke jewa ya nufi wurin, domin an san ungulu ba ta jewar banza. Dubagari ce wadda hukuma ba ta taɓa biyanta ko anini ba, kuma ladan da ta samu wurinmu shi ne mu mai da sunanta abin zagi. Yau a je kwatar kowane gari a masarautar nan, ko a tsaya a gefen kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ranar Lahadi, inda shanu da raƙuma da tumaki ke taruwa daga Nijeriya da Nijar, za a ga hankaki da balbela da shirwa da karnuka, amma ungulu sai an yi sa'a.

Da a ce ƙorafin tsofaffi ne kawai, da sai a ce kowane tsoho yana ganin zamaninsa ya fi. To amma akwai wanda ya ƙirga. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar a mota tsakanin 1969 da 1973, yana rubuta duk mai farcen da ya gani, sa'an nan bayan shekara talatin, a 2003 da 2004, ya sake bin hanyoyin nan a irin lokacin da ya bi su da farko. Abin da ya tarar shi ne manyan ungulaye, irin su mikiya, sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandayen da ake tsaro. A 2015 ƙungiyar duniya mai kula da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sanya ungulun kwata tamu, tare da mikiya da wasu iri biyu na Afirka, a matakin da daga shi sai ɓacewa. A farkon 2024 kuma wani babban bincike da Phil Shaw da Darcy Ogada suka jagoranta ya duba iri 42 na masu farce a dazuzzukan Afirka, ya samu 37 daga ciki suna raguwa, kuma lamarin ya fi muni a Afirka ta Yamma. Ina so mai karatu ya lura da kayan aikin Bafaranshen nan: ido ne, da littafin rubutu, da haƙurin komawa inda aka taɓa zuwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin malamin firamare a Sandamu ko Ɓaure, amma da yake ba mu ɗauki abin da muhimmanci ba, sai da baƙo ya zo ya gaya mana abin da ya faru a kan rufin gidajenmu.

Mikiyar nan fa da ake magana ba ƙaramar halitta ba ce. A watan Nuwamba na 1973 wani jirgin sama ya yi karo da ɗaya a sararin Abijan, a tsawon mita 11,300 daga ƙasa, kuma har yau ba a tabbatar da wani tsuntsu da ya kai wannan nisa ba. Mun ɗora mai farce a kan tambarin ƙasa, mun ba 'yan ƙwallonmu sunansa, na gaskiyar kuwa muna sayar da kansa a kasuwa.

Domin a nan ne babban dalilin ƙarancin ungulu yake, kuma gara a faɗe shi ba kwana-kwana. Binciken da aka buga a 2016 kan ungulayen Afirka ya nuna kashi 61 cikin 100 na mace-macen da aka rubuta guba ce sanadinsu, kashi 29 kuma cinikin sassan jikinsu ne don magani da tsibbu. A wasu ƙasashe gubar ta makiyaya ce da ke sa wa mushe don kura ko zaki, ko ta maharban giwa, amma a yankinmu guba da cinikin sun haɗu wuri ɗaya: a barbaɗa wa nama maganin ƙwari ko garin taba, a ajiye, ungulaye su sauko su ci su faɗi, a tsince su a buhu. Ko da yake mazhabarmu ta Malikiyya ta sassauta game da naman tsuntsaye masu farce, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, galibi ba don tukunya ake wannan kisa ba. Kai ake nema, da ƙafa, da ƙwai, da gashi, don masu neman sa'ar caca, da masu neman kujera, da masu son a buɗe musu ido su ga gaibu, kuma Nijeriya ce babbar kasuwar wannan haja a Afirka ta Yamma, har ta cinye nata ta koma shigo da na maƙwabta. A 2013 masana a ƙasar Girka suka ɗaura wa wata 'yar ungulu na'urar bin sawu, irin ungulun nan da ke yin fari idan ta girma, suka sa mata suna Paschalis. Ta tsallake teku, ta ratsa Sahara, ta sauka a ƙasar Damagaram, nan arewa da mu, a farkon 2014 wani maharbi ya kashe ta don kasuwar tsibbu ta Nijeriya. Ni dai abin da ya kasa shiga hankalina shi ne yadda mutum mai salla biyar, wanda ya san babu mai sanin gaibu sai Allah, zai yarda cewa ƙoƙon kan tsuntsun da bai hango gubar da ke cikin naman gabansa ba shi ne zai hango masa sakamakon zaɓe.

Abin da ya sa ɓarnar ba ta gyaruwa da sauri kuwa shi ne ungulu ba kaza ba ce. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, uwa da uba su yi ta karɓa-karɓar kwanci fiye da wata ɗaya da rabi, ɗan ya yi wata uku ko fiye kafin ya tashi, sa'an nan ya yi shekaru kafin shi ma ya hayayyafa. Buhu ɗaya na maharbi yana iya share abin da gari guda ya tara a shekara goma.

Wanda yake ganin wannan hasarar masu sha'awar tsuntsaye ce kaɗai, ya dubi abin da ya sami Indiya. A shekarun 1990 aka shiga yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac, wanda ke lalata ƙodar duk ungulun da ta ci mushen dabbar da aka yi wa, kuma kafin a gano dalili a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayen ƙasar sun mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, ruwan sha ya gurɓace, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a binciken da suka buga a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kimanin rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Hikimar da ke cikin halittar ungulu ita ce cikinta yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta masu yawa, har da na ciwon saifa, wanda ya ɓulla a wata gona kusa da Suleja a 2023, alhali kare da ɓera, waɗanda ke gadon aikinta idan ta kau, su ne ke kwaso cuta su shigo da ita cikin gida. Maganin nan da ya yi ɓarna a Indiya kuwa yana nan a kowane kemis, kuma babu abin da ke hana mai dabba ya saya ya yi wa sansa allura. Masarautar da arzikinta ya dogara ga noma da kiwo da cinikin dabbobi ba ta da uzurin cewa wannan magana ba ta shafe ta ba.

Dalili na biyu shi ne itace. Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, to ina tsamiyar? Manyan masu farce ba su sheƙa a kan ƙaramar bishiya, sai doguwa wadda ta daɗe, irin su rimi da kuka da tsamiya da maɗaci da giginya da tsohon gawo, waɗannan kuwa su ne gatari ya fi so, saboda gawayi da itacen girki da tanderun masu burodi, ga kuma filaye da ake yankawa ana gini har inda dā gonaki ne. Dogon yaro ya yi mana rana wajen inuwa da tare iska, ba a musu, amma bai maye gurbinsu ba. Wanda ya bi hanyar Kongolam ya shiga ƙasar Matamaye da Magarya zai ga gonaki cike da gawo, domin tun bayan farin 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, wato barin tohon itace a gona a gyara shi maimakon a tumɓuke, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ana kuma ba da labarin yadda sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka tsananta hukunci a kan mai saran gawo. Ƙasa ɗaya ce da tamu, ruwa ɗaya, harshe ɗaya, bambancin kawai su an sami wanda ya ce a bari, aka kuwa bari.

Mujiya ma ta cancanci a ce wani abu a kanta, ko da a taƙaice, tunda ita ce mai farcen dare. Da ta yi kuka a kan soro sai a tashi da jifa, wai tana kiran mutuwa, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi da tsuntsaye, ya ambaci na mujiya musamman. Abin da ya kawo ta soron ɓera ne, mai cin hatsin rumbu, wanda wani irinsa ke yaɗa zazzaɓin Lassa. A Malesiya da Jodan manoma har akwatuna suke kafa mata a gona don ta zauna ta yi musu aiki.

Na san za a ce, mutanen da ke fama da tsadar masara da taki da rashin tsaro a hanyoyi, ina suka ga sukunin kallon tsuntsu? Amsata ita ce, a cikin duk abin da ake kira ilimi babu mai arha kamar wannan, domin ba ya bukatar kuɗin mota ko na makaranta, kuma talaka ne farkon wanda ke biyan kuɗin asibiti idan mushe ya ruɓe kusa da rijiya, shi ne kuma ɓera da fara ke cinye wa guminsa. Abin da ake bukata kaɗan ne: littafi ɗan ƙarami, a rubuta kwanan wata, da lokaci, da irin tsuntsun, da adadinsa, da bishiyar da ya sauka. Ɗalibai su je wurin tsofaffin mahauta da maharba da makiyaya, tun suna raye, su rubuta sunayen da suka sani da wuraren da ake samun sheƙa a dā. Tun 2002 akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a kusa da Jos, kuma tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a kowane gefe, masu sa kai suna aika abin da suka gani ta wayar hannu, matasan Arewa da dama kuma sun shiga. Garin da yanzu yake da jami'ar sufuri da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya bai kamata a rasa matasa goma a cikinsa da za su ɗauki gidajen Daura da Zango da Mai'aduwa su cike ba.

Sauran aikin kuwa na masu iko ne, kuma a ganina fada ta fi ofis iya shi. Dokar hana cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa tana nan tun 1985, an ƙara mata tsanani a 2016, amma ba ta hana a shanya kawunan ungulu a kasuwa da rana tsaka ba, domin jami'in da zai zartar da ita bai san maharbin ba, Sarkin Baka kuwa ya san shi, ya san ubansa. Da Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, zai umarci hakimansa na ƙananan hukumomi biyar na masarauta, su kuma su sauke wa dagatai da masu unguwanni, cewa ba a yarda a kashe ungulu ko a sayar da sassanta a ƙasar Daura ba, a ɗora wa Sarkin Pawa kula da kwata, Sarkin Baka kula da maharba, a nemi masu maganin gargajiya su koma ga saiwa da ganye kamar yadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya take ta jan hankalinsu, limamai kuma su keɓe huɗuba guda a kan camfi da amanar halittu, ko da a makon Asabar ɗin farko ta Satumba da duniya ta ware don ungulu, da an ga bambanci. Tunda kuma tsuntsu ba ya tsayawa a shingen Kongolam, ya kyautu a yi maganar da sarakunan ƙetaren iyaka, waɗanda dama zumunci ya haɗa mu da su. Abu mafi gaggawa shi ne bishiyoyin da har yanzu ake samun sheƙa a kansu: ungulu da rani take ƙwai, daga bayan kaka zuwa bazara, daidai lokacin da aikin gona ya ƙare masu gatari suka fi shiga daji, saboda haka in za a ba da umarnin a san waɗannan itatuwa a damƙa kowace a hannun mai unguwar da take ƙasarsa, to, kafin a gama ɗaure dawa ya kamata ya fita.